Lokacin Kaka A Ƙananan Makarantun Ƙauye Na Ƙasar Ayalan

Da yawa daga cikinmu mun san ƙasar Ayalan ta wurin firistoci da sistoci waɗanda suka zo daga can suka buɗe makarantu a Jos, da Kaduna, da Kano. Amma ba kowa ne ya san irin makarantun da suka fara karatu a ciki ba. Da dama cikinsu 'ya'yan manoma ne, sun fito daga makarantar ƙauye mai ɗaki biyu da malami biyu. Irin waɗannan makarantu suna nan har yau. A wannan fitowa muna so mu duba abin da yakan faru a cikinsu daga watan Satumba zuwa Nuwamba, gama a cikin waɗannan watanni ne ake sanin ko makaranta za ta riƙe malamanta ko za ta rasa ɗaya.

Tun shekarar 1831 aka kafa tsarin makarantun firamare na ƙasar. Yanzu sun fi 3,000, kusan tara cikin goma kuma suna ƙarƙashin Ekklesiyar Katolika. Gwamnati ce take biyan albashi, bishop kuwa shi ne uban makaranta. Aji takwas ne: biyu na ƙananan yara masu shekara huɗu ko biyar, sa'an nan aji ɗaya zuwa shida. Inda malamai biyu ne kaɗai, ɗaya yakan ɗauki aji huɗu na ƙasa a ɗaki guda, ɗayan ya ɗauki huɗu na sama, shi ne kuma hedimasta. Galibinsu mata ne. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai mun san ba ƙaramin aiki ba ne a ba wannan rukuni lissafi, a saurari karatun wancan, ido kuma yana kan na uku. Tun daga 2022 an tabbatar wa irin wannan hedimasta kwana ɗaya a mako domin aikin ofis, wani malami ya riƙe masa aji.

Ana komawa makaranta a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Kakarsu ba kamar tamu ba ce. Ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi ne yake shigowa, ganyaye su yi ja su zube, rana kuma ta riƙa faɗuwa da wuri. Malamai sukan fita da yara bakin hanya su tsinci ganye da 'ya'yan itatuwa, a jera su a kan wani tebur a kusurwar aji, kowanne da sunansa da Turanci da kuma harshen ƙasar. A lokacin nan ne yara suke ganin tsattsewa suna taruwa a kan wayoyin lantarki kafin su tashi zuwa Afirka, su ƙetare hamadar Sahara. Makarantar da take da lambu takan tona dankalin turawa da yara suka shuka kafin hutu, a dafa a ci tare. A da, iyaye sukan riƙe yara a gida a watan Oktoba domin tsintar dankali a gona. Yanzu inji ya ɗauke wannan aiki.

Babban taron manoma na shekara ma a Satumba yake, watau gasar huɗa ta ƙasa, wadda aka fara a 1931. Kwana uku ake yi, ana gwada wanda ya fi iya huɗa a miƙe, da tarakta ko da dawakai, ana kuma nuna shanu da injuna. A 2019 mutane kusan 300,000 suka je. A ranakun nan malamin ƙauye ya san zai ga kujeru da dama babu kowa, ba ya kuwa yin mamaki. Akwai kuma gasar ƙwallo tsakanin makarantu, inda ƙaramar makaranta takan haɗa maza da mata kafin 'yan wasa su cika. A ƙarshen Oktoba sai a ba da hutun mako guda.

Amma ranar da ta fi kowace nauyi ita ce 30 ga Satumba. Yawan yaran da ke cikin rajista a wannan rana shi ne ake aika wa Ma'aikatar Ilimi, da shi ne kuma ake yanke yawan malaman da makaranta za ta samu a shekara mai zuwa. A makarantar birni mai yara 500, yaro ɗaya ba ya sāke kome. A makarantar ƙauye kuwa, in iyali guda mai 'ya'ya uku suka tashi zuwa Dablin neman aiki, suna iya tafiya da malami guda. Domin haka akan ga hedimasta da iyaye suna lissafin jariran ƙauyen tun daga ranar baftisma, suna kuma lallashin wanda yake tunanin kai ɗansa makarantar gari.

Bari mu ba da misali da abin da ya faru lokacin da ƙasar ta shiga matsin kuɗi. Kafin 2012, yara 12 sun isa makaranta ta sami malami na biyu. Gwamnati ta yi ta ɗaga wannan adadi har ya kai 20 a 2014. Na malami na uku ya tashi daga 49 zuwa 56, na huɗu kuma daga 81 zuwa 86. Watau makaranta mai yara 52, wadda take da malamai uku, sai ta koma biyu, kowane ɗaki ya ɗauki aji huɗu. Iyaye da ƙungiyar malamai suka yi kuka ƙwarai, daga 2015 aka fara sassautawa, musamman ga makarantun da suke nesa da wata. A ganinmu, abin da ya fi ciwo cikin wannan tsari shi ne, lamba ɗaya ce take magana, ba ta kuwa san nisan hanya ko halin yaran ba.

Malamin da kujerarsa ta faɗi ba a korarsa in dai aikinsa na dindindin ne. Wanda aka ɗauka daga ƙarshe shi yakan fita. Akan sa sunansa cikin wani jeri na yankin bishop ɗin, duk makarantar da take neman malami kuma tilas ta fara ɗauka daga wannan jeri, ba a kuwa kai shi nesa da kilomita 45. Wannan ya kāre abincin malamin. Amma bai mai da wa ƙauyen wanda yake koya wa yara waƙoƙin sujada ko yake kai su ƙwallo ba.

Tsoron mutanen ƙauye yana da tushe. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 gwamnati ta rufe ƙananan makarantu masu yawan gaske, ta haɗa su, aka riƙa kwasar yara da bas. A ƙauyen Dunkwin, can bakin teku a yankin Keri, inda mutane suke magana da harshen ƙasar, an rufe makarantarsu a 1970. Iyaye suka ƙi. Suka ci gaba da koyar da yaran da taimakon malamai 'yan sa kai, masu goyon bayansu kuma suka yi tattaki har Dablin. A 1973 aka sāke buɗe ta.

Tun 1975 kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa. Yawanci mutum takwas ne: biyu daga wurin bishop, da hedimasta, da malami guda, da uwa guda da uba guda waɗanda iyaye suka zaɓa, da mutum biyu daga cikin jama'a. Shekara huɗu suke yi ba albashi, zaɓen kuma a kaka yake faɗowa, kamar yadda aka yi a 2023. Wannan kwamiti ne yake ɗaukar sabon malami in wani ya yi ritaya a ƙarshen Agusta, shi ne yake neman kuɗin man ɗumama ɗakuna kafin sanyi ya yi tsanani, shi ne kuma yake rubuta ƙara zuwa ma'aikata in yara biyu ko uku ne suka rage adadin ya cika. A wasu ƙauyuka, zuwan iyalai daga Yukren bayan yaƙin da ya ɓarke a 2022 ya cika rajista har kujerar malami ta tsira. Inda ba a sami haka ba, takardar ma'aikata takan iso a farkon sabuwar shekara, malamin ya ƙarasa da yaransa har ƙarshen Yuni, a Satumba kuma a kwashe kujerun ɗakinsa a raba su cikin sauran ɗakunan.