Ciwon Suga Ba Na Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwana mata, a ƙauyukanmu na wajen Ɗambatta da Bichi da Minjibir akan ce ciwon suga na attajiran birni ne, masu ƙiba da shan shayi. Saboda haka in yarinya ta fara rama, ga yawan ƙishirwa, ga tashi fitsari cikin dare, sai a ce sammu ne, a yi ta turare har lokaci ya ƙure. To, ku ji abin da likitoci suka gano.

A bayan tumbin mutum akwai wata 'yar tsoka doguwa, likitoci suna ce da ita fankiriyas. Cikin 1869 wani ɗalibi a Jamus, Paul Langerhans, ya duba ta da madubin likita, ya ga waɗansu ƙwayoyi tsibi-tsibi a cikinta. Cikin 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan tsoka, sai ciwon suga ya kama shi. Daga baya aka gane ƙwayoyin nan ne ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda ke kwashe zaƙi daga jini ya kai shi inda jiki zai yi aiki da shi. Ku lura, tuwo da fura ma zaƙi suke komawa bayan sun narke a ciki. Cikin 1921 Banting da Best suka tace ruwan nan a Toronto ta Kanada, a 1922 kuwa aka yi wa wani yaro allurarsa, ya farfaɗo.

Ciwon iri-iri ne. Akwai wanda jiki da kansa yake kashe ƙwayoyin, ya fi kama yara, maganinsa allura kullum. Akwai na manya, wanda insulin yana nan amma jiki ba ya jin sa sosai, ƙiba da gado suna da hannu a ciki.

Sa'an nan akwai wanda ya kamata mu mutanen karkara mu kula da shi. Tun 1955 wani likita a Jamaika ya ga ciwon a jikin matalauta ramammu. Cikin 2025 ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta sa masa suna iri na biyar. Masana suna ganin yunwa tun ɗa yana ciki, da lokacin ƙuruciya, ita ke hana ƙwayoyin nan girma.

Ga aikinmu ke nan. Gonakinmu ƙanana ne, rumbu yakan yi ƙasa kafin kaka, amma kada a sayar da wake da gyaɗa kakaf. A rage wa mai ciki da yaron da aka yaye, a haɗa musu da nono da zogale. Wadda ta ga alamun nan a gidanta kuwa, ta roƙi maigida a je asibiti a auna jini, ɗigo ɗaya ya isa. Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan.

Allah ya ba mu lafiya, amin.