Rumbu Ɗaya, Kallo a Kowane Ɗaki

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ajingi ko ta Gaya ba zai rasa ganin rumfar masu turi ba, inda matasa ke miƙa wayoyinsu a zuba musu fina-finai da waƙoƙi da karatun malamai. Idan an koma gida sai wa ya tura wa ƙane ta Xender, ƙane ya tura wa maƙwabci, har fim guda ya tare a waya biyar, kowace tana kukan ta cika. Tun zamanin kaset ɗin Turmin Danya na 1990 al'adar ke nan, kowa da kwafinsa. Alhali kuwa kwafi ɗaya ya ishi gida duka.

Dabarar ita ce a tara komai a na'ura guda, ko tsohuwar kwamfuta, ko 'yar ƙaramar nan Raspberry Pi da ta fito a 2012, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Wannan ita ce rumbu. Sai a haɗa ta da rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne. Rauta tana iya bai wa kowace waya lambar adireshi, ta kai saƙo tsakaninsu, ba tare da an sayi data ko ta kwabo ba.

To, yaya fim ke isa waya? Ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kowanne bai cika wuce bait 1,500 ba, kuma da lambarsa, don waya ta jera su daidai. Wayar kan fara tara na 'yan daƙiƙoƙi a ajiye kafin hoto ya motsa. Ɗalibin ilmin halittu zai tuna da hanta, wadda ke adana sukari bayan an ci abinci, ta riƙa sakinsa cikin jini sannu a hankali. Idan ajiyar ta ƙare kafin sabon ƙunshi ya iso, shi ne hoto ke tsayawa cak.

Lissafin ba wuya. Fim mai gigabait 1 da tsawon awa 2 yana ɗauke da megabit 8,000 cikin daƙiƙa 7,200, wato megabit 1.1 a kowace daƙiƙa. Rauta ta gama-gari tana ɗaukar ninkin wannan sau da yawa, saboda haka mutum goma na iya kallon abu goma daban-daban a lokaci guda.

Sai dai iska ba ta da alƙawari. Igiyoyin Wi-Fi da aka fi amfani da su suna kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa, ruwa kuwa yana shanye ƙarfinsu. Katangar ƙasa da ta jiƙe da damina tana raunana su, kwanon rufi yana mayar da su baya. Jikin babban mutum ma kusan kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, don haka aji cike da ɗalibai shinge ne. Maganin shi ne a rataye rauta sama, a tsakiyar gida.

Abin sha'awa, daga makarantu wannan fasaha ta samu gindin zama. Manhajar VLC ta faro ne a 1996 a hannun ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale Paris, da ke son watsa bidiyo a harabarsu. Haka kuma ƙarancin intanet da Cliff Missen na Jami'ar Iowa ta Amurka ya gani a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990 shi ya haifar da eGranary, laburare sukutum cikin faifai guda. Ma'anar sunan ma rumbu ce.

Makarantar sakandare a Ajingi za ta iya yin haka da faifan hasken rana da batir: bidiyon rabuwar ƙwayar halitta ko bugun zuciya ya isa kowane aji, ko da babu madubin ƙara girma. Amma faifan ajiya yana mutuwa ba sallama, dole a yi masa na biyu a ajiye daban. Fim ɗin da aka kwafa ba da izinin masu shi ba kuwa, zamansa a rumbu bai wanke shi daga satar fasaha ba.