Gaskiya ko Jita-jita: Malamin Wucin Gadi a Kwalejojin Al'umma na Amurka

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta shekara biyu, mai rangwamen kuɗi, wadda ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. An buɗe ta farko a Joliet, jihar Illinois, a 1901, yanzu kuwa sun kai kusan dubu. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu koyarwa a cikinsu 'yan wucin gadi ne, ana ɗaukarsu zango-zango, ana biyansu gwargwadon kwas ɗin da suka koyar. 'Yan uwanmu da suka je ƙaro ilimi suka zauna can sukan shiga koyarwa ta wannan ƙofa. Sau da yawa ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta za a kira mutum, a miƙa masa lambar aji da littafin kwas. Ba shi da ofis, ba a gayyatarsa taron sashe. Ƙa'idojin aiki sai ya tsince su a bakin abokin aiki a wajen ajiye motoci, kuma a nan ne gaskiya ke cuɗanya da jita-jita.

"Tunda an ba ni kwas, aiki ya tabbata"

Bai tabbata ba. Takardar ɗaukar aikin galibi tana da sharaɗi cewa kwas zai tsaya ne idan ɗalibai sun cika adadi, kuma idan kuɗi sun samu. Ko ajin ya cika, idan aka soke ajin wani malami na dindindin, ana iya karɓe naka a ba shi don ya cike aikinsa. Abin da ke ruɗin mu shi ne ganin sunanmu a jadawalin da aka wallafa wata biyu kafin zango, sai mu ɗauka magana ta ƙare. Kada mu zubar da ruwan tulu don mun ga hadari. Kafin mu ƙi wani aikin, mu tambayi shugaban sashe ɗalibai nawa ake buƙata, wace rana ake yanke hukunci, kuma ko akwai ɗan abin da ake biya idan an soke.

"Malamin makaranta ba ya karɓar tallafin rashin aiki lokacin hutu"

Wannan rabin gaskiya ce, shi ya sa ta yi tsawon rai. Dokar tarayya ta hana ma'aikacin makaranta wannan tallafi tsakanin zango da zango idan yana da gamsasshen tabbacin cewa zai dawo aiki. Malamin dindindin yana da wannan tabbaci. Shi kuwa wanda aka ce masa "in ɗalibai sun cika", wane tabbaci gare shi?

A 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Kaliforniya ta amsa tambayar a shari'ar da ake kira Cervisi, wadda ta shafi malaman wucin gadi na San Francisco. Ta ce alƙawarin da ya rataya a kan yawan ɗalibai ko samuwar kuɗi ba tabbaci ba ne. A ƙarshen 2016 Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ta fitar da bayani ga jihohi kan yadda za su auna irin wannan alƙawari, amma kowace jiha ita ke yanke hukunci a kan nata. Saboda haka ba ma cewa kowa zai samu. Muna cewa ofishin jiha ne ke da ikon hanawa, abokin aiki ba shi da shi. Mai nema ya haɗa da kwafin takardar ɗaukar aikinsa, ya ja layi ƙarƙashin sharaɗin. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba: mai digiri na biyu ko na uku yana jin nauyin cike fom ɗin marasa aiki, sai jita-jitar ta zo masa daidai da abin da zuciyarsa ke so.

"Awoyin aji su ne awoyin aiki"

Duk wanda ya kwana da takardun ɗalibai talatin da jan biro ya san ba haka ba ne, amma ba kowa ya san hukuma ma ta yarda ba. A 2014 hukumar haraji ta IRS ta amince kwalejoji su lissafa kowace awa ta aji a matsayin awa 2 da kwata, don tantance wanda ya kai awa 30 a mako, iyakar da ke wajabta wa babban mai ba da aiki ya samar da inshorar lafiya. Awa 12 a aji ta zama 27. Wannan lissafi shi ne sirrin da ya sa kwalejoji da dama suka taƙaita kwas ɗin da mutum ɗaya zai ɗauka, ba don shugaban sashe yana ƙinsa ba. A Kaliforniya doka ma ta tsayar da aikin ɗan wucin gadi a kashi 67 cikin ɗari na aikin malamin dindindin a gunduma ɗaya. Dalili ke nan za ka ga malami da safe a wannan kwaleji, da yamma a waccan, but ɗin motarsa cike da takardu.

Akwai inda lissafin ke amfani. Shirin yafe bashin karatu ga masu yi wa jama'a hidima yana buƙatar aikin awa 30 a mako da biyan bashin sau 120. Tun Yulin 2023 ana ninka awar aji da 3.35, wato awa 9 ta isa, kuma ana iya haɗa awoyin kwalejoji biyu.

"Uba yana da haƙƙin jin sakamakon ɗansa"

A tarbiyyarmu wannan ba abin musu ba ne, kuma niyyar malamin da ya amsa wa uba mai kyau ce. Sai dai dokar FERPA ta 1974 ta mayar da haƙƙin bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga kwaleji, ko da ɗan shekara 16 ne da ke haɗawa da sakandare. Akwai hanyoyin da iyaye ke samun bayani, kamar rubutaccen izinin ɗalibin, amma ofishin magatakarda ne ke duba su. Idan uba ya bugo waya, mu gaisa da mutunci, mu tura shi can. Liƙa sakamako da sunaye a ƙofar aji, wanda muka saba gani a gida, shi ma ya saɓa wa dokar. Haka barin takardun da aka yi wa maki a kan tebur kowa ya tono tasa.

"Kiran suna aikin firamare ne"

A nan kuɗi ne a ciki. Ɗalibai da yawa da tallafin tarayya na Pell suke karatu. Idan ɗalibi ya daina zuwa kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zango, dole kwaleji ta mayar da wani ɓangare na kuɗin, wani lokaci ɗalibin ya tashi da bashi. Sau da yawa ranar ƙarshe da ya halarta ita ce ma'auni, kuma malami za a tambaya. A ajin intanet, shiga shafi kawai ba halarta ba ce, sai ya miƙa aiki ko ya shiga tattaunawar darasi.

"Sirrin da ɗaliba ta ba ni amana ce, ba zan kai gaba ba"

Ƙarƙashin dokar Title IX ta 1972, kwalejoji da yawa sun ɗora wa kowane malami, har na wucin gadi, kai rahoton cin zarafi ko lalata ga jami'in da aka ware. Mu san ƙa'idar tamu kwalejin tun kafin ranar ta zo. Idan muka ga ɗaliba na shirin buɗe irin wannan magana, mu gaya mata tun farko cewa ba za mu iya riƙewa ba, mu nuna mata ofishin masu ba da shawara, inda doka ta yarda a riƙe sirri.

"In na daɗe, za a tabbatar da ni"

Daɗewa ba ta mayar da aikin wucin gadi na dindindin. Gurbin dindindin sai an tallata shi, an kafa kwamiti, na ciki da na waje sun yi gogayya. Ana ganin mutum ɗaya da ya samu, labarinsa ya zaga, ba a lissafa waɗanda suka yi shekara goma suna jira. Guraben ma kaɗan ne. Tun 1988 Kaliforniya ta sa wa kanta burin cewa malaman dindindin su riƙa koyar da kashi 75 cikin ɗari na darussa, har yau tsarin bai kai can ba. Abin da daɗewa ke iya bayarwa shi ne fifiko wajen rabon kwas, a inda ƙungiyar malamai ta sa shi cikin yarjejeniya. A jihohi kamar Texas da North Carolina kuwa doka ta hana ma'aikatan gwamnati ƙulla irin wannan yarjejeniya. Mai son gurbin ya nemi a zo a duba koyarwarsa a rubuta masa rahoto, ya adana ra'ayoyin ɗalibai na kowane zango, ya kuma nemi aiki a wasu kwalejojin lokaci guda.