Jiri a bainar jama'a

Jiri, wanda ake kuma kira juwa, yanayi ne da mutum ke jin kansa ya yi sakayau, ganinsa ya dushe, ƙafafunsa su nemi kasa ɗaukarsa. A maganar yau da kullum akan haɗa shi da hajijiya, amma likitoci sun raba su. Mai hajijiya gani yake komai na juyawa, kuma galibi matsalar daga cikin kunne take. Jiri kuwa yawanci daga ƙarancin jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ne. Ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce ta wani abu.

Abubuwan da ke kawo shi

A yankin noma na Funtua da Malumfashi, har zuwa Bakori, Kafur da Ɗanja, jiri ya fi kama mutane a bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40. Manomi ko ɗan dako da ya wuni yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, jininsa kan sauka da zarar ya miƙe. A 2024 azumin Ramadan ya faɗo cikin Maris da Afrilu, ƙishirwa da yunwa suka haɗu da zafin. Da damina kuwa zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, domin yana cinye jini. Akwai kuma maganin feshi: wanda ya yi feshin auduga ko wake ba tare da rufe hanci ba yakan ji jiri da tashin zuciya, yawu ya cika masa baki. Masu juna biyu, masu sikila, da masu shan maganin hawan jini ko na ciwon suga sun fi shiga hatsari.

Abin da mutum zai yi idan yana shi kaɗai

Babban hatsarin jiri shi ne faɗuwa, musamman a bakin titi irin na Funtua, inda manyan motocin hanyar Zariya zuwa Gusau ke wucewa. Don haka ana so mutum ya zauna nan take, ko da a ƙasa ne, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, ko ya kwanta ya ɗaga ƙafafu. Mai babur ya tsaya ya sauka. Kunya kan sa wasu su daure su ci gaba da tafiya, kuma a nan ake fasa kai.

Bayan zama sai ya faɗa wa na kusa da shi, mai shago ko mai shayi, cewa ba shi da lafiya, ya ba da lambar wani ɗan'uwa tun yana iya magana. Ya koma inuwa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Idan gudawa ko zufa ce ta zuƙe shi, ruwan gishiri da sukari ya fi: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri. Mai ciwon suga ya tauna dabino ko alewa. Mai azumi da ciwo ya tsananta masa, shari'a ta ba shi damar ya sha ya rama.

Idan mutum ya riga ya suma, ba a ɗura masa ruwa, domin yana iya shaƙe shi. Kwantar da shi ake yi a kan gefensa, jama'a su ba shi iska.

Lokacin zuwa asibiti

Jirin da ya zo da karkacewar baki, harɗewar harshe ko mutuwar hannu alama ce ta shanyewar ɓarin jiki. Haka ciwon ƙirji, sanƙarewar wuya da zazzaɓi, zubar jini ga mai ciki, ko jiri bayan feshi. Waɗannan ba na kemis ba ne. Babban asibitin Funtua ko na Malumfashi ake nufa kai tsaye, kuma wani ne zai tuƙa mara lafiyar. Idan feshi ne, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a tafi da kwalbar maganin don likita ya gani.