Abin da ya sa ake ta rigima a kan littafin "Speak" a makarantun Amurka

A shekarar 1999, marubuciya Laurie Halse Anderson ta fitar da littafin ƙagaggen labari na matasa mai suna Speak, wato "Yi Magana". Fiye da shekara 25 ke nan, amma har yanzu yana cikin littattafan da ake neman a cire daga makarantun Amurka.

Labarin wata yarinya ne, Melinda, wadda wani ɗalibi da ya girme ta ya yi wa fyaɗe a wurin liyafa, gab da shigarta babbar sakandare. Ta kira 'yan sanda, amma ta kasa faɗin abin da ya faru. Da suka tarwatsa taron, sai ɗalibai suka ɗora mata laifi, ƙawaye suka juya mata baya. Makinta ya zube, malamai suka ɗauka taurin kai ne. Malamin zane ne ya lura cewa akwai abin da ke cin ta. Littafin ya nuna yadda makaranta ke fama wa yaro gyambo idan ta fi damuwa da sunanta da dokokinta.

A 2010, wani malamin jami'a a jihar Misuri, Wesley Scroggins, ya kira littafin batsa, ya nemi a cire shi. A 2019, Anderson ta bayyana a littafinta Shout cewa ita ma an yi mata fyaɗe tana shekara 13. Ƙungiyar marubuta ta PEN America kuwa ta ƙirga haramta littattafai fiye da sau 10,000 a makarantun gwamnati a zangon karatu na 2023 zuwa 2024.

Fargabar iyaye tana da tushe. A 2019, Netflix ya yanke wurin da aka nuna ɗaliba tana kashe kanta a shirin 13 Reasons Why, bayan gargaɗin likitoci. Yadda ake bayar da irin wannan labari yana iya cutarwa. Sai dai Speak ya taƙaita bayanin fyaɗen, ya mayar da hankali kan shirun da ya biyo baya.

Idan aka cire shi daga laburaren makaranta, ɗiyar mai hali za ta saya a kanti. Wadda ke rasa shi ita ce wadda ba ta da kuɗin saye, ba ta kuma da wanda za ta gaya wa.