Targaɗen wuya: Raunin hatsarin mota da ba ya zubar da jini

Wata ranar Litinin da hantsi, ina tsaye cikin cunkoson motoci a Titin Zariya da ke Kano, sai wata motar haya ta daki tawa ta baya. Muka fito muka duba, fitila ɗaya ce ta fashe. Jama'a suka taru suna ba da baki, cewa tunda ba a zubar da jini ba, sai a gode wa Allah. Na yafe wa direban, na wuce ofis. Washegari da asuba na tabbatar jiki magayi ne, domin da ƙyar na iya juya kai na yi sallama a ƙarshen salla.

Abin da ya same ni shi ne targaɗen wuya, wanda Turawa suka laƙaba wa suna daga yadda bulala ke lanƙwasa idan an kaɗa ta. Kan baligi ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, kuma ƙasusuwa bakwai ne ke ɗauke da shi. Idan aka bugi mota ta baya, kujera takan tura gangar jiki gaba, kai ya fizgu baya sannan ya dawo gaba, duk cikin ƙiftawar ido. A nan ne tsoka da jijiyoyin da ke riƙe da gaɓoɓin wuya kan miƙe fiye da kima. Ba sai mota tana tsala gudu hakan ke faruwa ba.

Matsalar wannan rauni ita ce ba ya bayyana nan take. Sau da yawa sai bayan sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa biyu, mutum zai fara jin wuyansa ya sage, ga ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya, ga nauyin kafaɗu, wani lokaci har da jiri da gajiya da rashin barci. Shi ya sa da yawa daga cikinmu kan ɗauka mugun kwanciya ce, ko zazzaɓi.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan hannu ko ƙafa ta yi sanyi ko tana mintsini, ko ƙarfinta ya ragu, ko tafiya ta gagara, ko fitsari ya ƙwace, ko mutum ya suma ko yana amai, to a garzaya asibiti. Haka nan wanda ya kai shekara 65, da wanda mota ta ƙwace da shi ta yi ta wuntsilawa. Irin waɗannan ba a fizgo su daga mota sai in ana tsoron gobara. A riƙe kansu daidai da jiki, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Tun a 1995 wani kwamitin masana a Kwibek ta ƙasar Kanada ya kasa raunin zuwa matakai, mafi muni shi ne wanda ƙashi ya karye ko ya goce, kuma likita ne kaɗai zai tantance matakin da mutum yake.

A nan ne nake jin tsoron al'adarmu. Da na koka, wani ɗan'uwa ya ce in je wurin mai ɗori ya murɗa mini wuyan ya “koma wurinsa”. Ba na raina masu ɗori, amma laka ta ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya. Murɗa wuyan da ke da tsagewar da ba a gani ba na iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Likitan da ya duba ni ya tabbatar babu karaya, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ya hana ni ɗaura abin tallafe wuyan nan da na riga na saya. Dogon hutu da ɗaure wuya kan jinkirta warkewa. Maganin shi ne motsa wuya a hankali, ci gaba da harkokin yau da kullum gwargwadon iko, ɗora ƙanƙara a kwanakin farko sannan gashi da ruwan ɗumi, da shan farasitamol. Masu gyambon ciki ko ciwon ƙoda su yi hattara da ibuprofen da diclofenac, kowa kuma ya nisanci tramadol na kan titi. Akasarin mutane kan warke cikin makonni zuwa wata uku. Wanda ciwon ya ƙi sakinsa ya nemi likitan gashin ƙashi, kamar waɗanda ke Asibitin Ƙashi na Dala.

Sai maganar rigakafi. Matashin nan da ke saman kujerar mota ba ado ba ne. Tun 1969 Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci saboda wannan rauni, amma a nan sai ka ga an cire shi, musamman a motocin haya. Ya kamata samansa ya yi daidai da saman kai, ya kuma matso kusa da ƙeya.

Don haka, ya kai mai karatu, kafin ka tayar da mota gobe, ɗaura bel, ka gyara matashin kujerarka da na iyalinka. Idan kuma tsautsayi ya gitta, ka yafe wa wanda ya buge ka in ka so, amma ka je likita ya duba wuyanka. Allah Ya kiyaye mana hanya.