Shin Ko Kun San? Bututun Mai, Siyasa da Zargin Zagon Ƙasa

A duk lokacin da siyasa ta ɗau zafi a ƙasar da ke da arzikin mai, hankali kan koma kan bututu. Da zarar an ji ƙarar fashewa, sai zargi ya riga bincike isa wurin. Ga wasu abubuwa game da wannan lamari a Najeriya da Nijar.

Shin ko kun san cewa kwana guda ne tsakanin fashewar babban bututun Trans Niger da sanya dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas? Wuta ta tashi a bututun ne a garin Bodo da ke ƙaramar hukumar Gokana, a daren 17 ga Maris, 2025. Washegari da yamma Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa Ngozi Odu da dukkan 'yan majalisar dokokin jihar na wata shida, ya naɗa tsohon babban hafsan sojin ruwa, Ibok-Ete Ibas, a matsayin kantoma. A jawabinsa ya ambaci fasa bututun mai cikin dalilansa, ya kuma zargi gwamnan da zuba ido. Ɓangaren gwamnan ya musanta cewa yana da wata alaƙa da tsageru.

Shin ko kun san abin da ya sa jama'a suka alaƙanta fashewar da siyasa nan take? Abin ya zo ne daidai lokacin da 'yan majalisar da ke biyayya ga Nyesom Wike, tsohon gwamnan jihar kuma ministan Abuja, suka fara shirin tsige Fubara, bayan an daɗe ana sa-in-sa tsakanin ubangidan da yaronsa. Bututun kuwa na iya ɗaukar ganga kusan 450,000 a rana zuwa tashar Bonny, inda jiragen ruwa ke lodi. Duk wanda ya taɓa shi, aljihun gwamnatin tarayya ya taɓa.

Shin ko kun san cewa tun 1966 aka fara kai wa bututun mai hari a Najeriya don isar da saƙon siyasa? Shekara goma ke nan bayan gano mai a Oloibiri. A watan Fabrairun shekarar, Isaac Adaka Boro ya ayyana Jamhuriyar Neja Delta, mutanensa suka fasa bututu, aka yi kwana 12 ana artabu kafin a kama shi. An yanke masa hukuncin kisa, shugaban mulkin soja Yakubu Gowon ya yi masa afuwa, ya mutu a 1968 yana yaƙi a ɓangaren sojojin tarayya.

Shin ko kun san cewa a 2016 hare-haren ƙungiyar Niger Delta Avengers sun zaftare man da Najeriya ke haƙowa daga ganga miliyan 2.2 a rana zuwa kusan miliyan 1.4? A watan Fabrairu suka fasa bututun Forcados da ke ƙarƙashin teku, aikin da sai gwanayen nutso. A shekarar ce kuma tattalin arzikin ƙasar ya shiga mawuyacin hali, domin ga farashi ya faɗi a kasuwar duniya, ga man sayarwar ya ragu.

Shin ko kun san cewa fashewar bututu a kudu ta taɓa tsayar da aiki a Kaduna? Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta bututu aka tsara ta riƙa samun ɗanyen mai daga Escravos ta hanyar Warri. A Janairun 2016 kamfanin NNPC ya rufe ta tare da ta Fatakwal saboda harin da aka kai wa bututun da ke ciyar da su. Haka nan ƙasar na da bututun rarraba mai fiye da kilomita 5,000, masu kaiwa har dafo-dafon Kano da Gusau da Gombe da Maiduguri. Yawan fasa su na cikin dalilan da suka sa aka koma dakon fetur da tankoki a kan titi.

Shin ko kun san cewa kalmar da aka rubuta a rahoton bincike ita ke yanke wanda zai samu diyya? A Dokar Bututun Mai ta 1956, idan mai ya malala saboda lalacewar bututu, kamfani ne zai biya manoma da masuntan da abin ya shafa. Idan kuwa aka ce wasu ne suka fasa da gangan, dokar ba ta ɗora masa biyan ba. Shi ya sa ake kai ruwa rana duk lokacin da wakilan kamfani da na hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai da na al'umma suka je duba wurin tare: kamfani na cewa zarto ne ya yanka, mutanen gari na cewa tsatsa ce ta cinye.

Shin ko kun san cewa wata kotu a Turai ta taɓa ƙin karɓar hujjar zagon ƙasa? A ranar 29 ga Janairu, 2021, kotun ɗaukaka ƙara da ke Hague a ƙasar Holan ta ce reshen Shell na Najeriya bai tabbatar ba tare da kokwanto ba cewa da gangan aka fasa bututun ƙauyukan Oruma da Goi, don haka sai ya biya. An daidaita a kan Yuro miliyan 15 a ƙarshen 2022. Shi ma garin Bodo, a 2015 kamfanin ya amince ya biya mutanensa fam miliyan 55 kan malalar da ta faro a 2008, wadda ya yarda daga lalacewar bututunsa ne.

Shin ko kun san cewa hukuncin zagon ƙasa a harkar mai ya kai har kisa? Dokar soja ta 1975 ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai wuce shekara 21 ba. Tsananin dokar bai hana ba. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bi ta hanyar afuwa, tsageru suka ajiye makamai ana ba su alawus na naira 65,000 a wata. A 2022 kuwa, lokacin da haƙon ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, kamfanin tsohon jagoran tsageru Tompolo aka ba kwangilar gadin bututun.

Shin ko kun san cewa Nijar ma ta ɗanɗana? Bututunta da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya kusa kilomita 2,000. A watan Yunin 2024 ƙungiyar 'yan tawaye ta FPL ta ce ita ta fasa shi, tana neman a saki Shugaba Mohamed Bazoum da sojoji suka hamɓarar a Yulin 2023. A Disambar 2024, bayan wani hari a yankin Gaya, hukumomin Yamai suka nuna wa Najeriya yatsa, Abuja ta musanta.

Shin ko kun san wa ya fi kowa jin jiki? A Oktoban 1998 gobarar bututu a garin Jesse na Jihar Delta ta kashe mutane fiye da 1,000, akasarinsu talakawa masu ɗibar fetur da ya tsiyaye. Gwamnati ta ɗora laifin a kan masu fasa bututu, wasu suka ce rashin gyara ne.

Bututu na fashewa saboda bam, ko zarton ɓarawo, ko tsufa, kuma kowane ɓangare yana da amsar da ta fi yi masa daɗi. Don haka idan kun ji an ce zagon ƙasa ne, ku tambaya: wa ya yi binciken, ina rahoton, kuma wa aka gurfanar a gaban kotu?